Hanjinmu da maganin ciwon daji: abin da ba na samun lokacin faɗa a kan kanta

Da zarar hunturu ya kama a Damagaram, ƙura ta lulluɓe duwatsun Birni, mu masu aiki a farmasi mun san maganar da za mu wuni muna ji: "A ba ni amoksisilin na dala ɗari." Wani tari ne, wani mura, wani maƙogwaro ke yi masa ƙaiƙayi. Wani ma lafiyarsa ƙalau, so yake ya wanke ciki kawai. Idan na ce sai da takardar likita, wasu su yi haƙuri, wasu su juya su nufi mai tire a bakin kasuwar Dole, su sayi kafso huɗu ko shida, su sha kwana biyu su bari. Dalilin da na saba gaya musu shi ne ƙwayoyin cuta suna sabawa da magani, ranar da ake tsananin bukatarsa sai ya ƙi ci. Wannan gaskiya ne, kuma ya isa dalili. Amma akwai na biyu, wanda ya shafi bakteriyar hanjinmu da maganin ciwon daji, kuma bayaninsa na da tsawo, ga layi na jira a bayan mutum. Shi ya sa na zauna in rubuta shi a nan.

Ɗan yayana ne ya fara jawo hankalina a kai. Yana karatun likita a Yamai, kuma lokacin da aka gano ciwon dajin mama a jikin wata maƙwabciyarmu, na dame shi da tambayoyi. Sai ya shiga turo mini rubuce-rubuce ta WhatsApp, wasu da Faransanci, wasu shi yake fassara mini. Rannan ya ce, "Gwaggo, ke da kullum kike faɗa da mutane a kan antibiyotik, ga wani abin da zai ƙara miki ƙarfin gwiwa." Tun daga nan nake bin labarin.

Mu dai an raine mu a kan cewa duk ƙaramar halittar da ido ba ya gani cuta ce. Alhali a jikin baligi akwai bakteriya kusan tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji, ƙwayoyin jikinsa shi kansa kuwa wajen tiriliyan 30 ne, bisa lissafin da masu bincike na cibiyar Weizmann suka fitar a 2016. In aka tara su duka nauyinsu bai wuce gram 200 ba. Mafi yawansu ba sa cutar da mu. Suna cin abin da cikinmu ya kasa narkarwa, suna samar da wasu sinadarai, suna tare wa miyagu wuri. Tsakaninsu da jininmu kuwa bango ne siriri ƙwarai, layi ɗaya tal na ƙwayoyin jiki da yauƙi a samansa, kuma a bayan wannan bangon ne wani babban kaso na sojojin garkuwar jiki yake zaune. Tun jariri na shan nono, a nan garkuwarsa take koyon wanda za ta ƙyale da wanda za ta kai wa hari. Ɓerayen da ake rainonsu a ɗakin gwaji ba tare da bakteriya ko ɗaya a cikinsu ba, garkuwarsu ba ta cika girma yadda ya kamata.

To ina ruwan wannan da ciwon daji?

Cikin sojojin jiki akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T. Suna iya gane ƙwayar jikin da ta lalace ta fara yaɗuwa ba ƙa'ida, su kashe ta. Sai dai Allah ya yi su da abin da masana ke kira birki, don kada su wuce gona da iri su far wa jikin da suke karewa. Ciwon daji yakan koyi taka wannan birkin, sojan ya iso gabansa ya tsaya cik. James Allison a Amurka ya yi aiki a kan birki ɗaya mai suna CTLA-4, Tasuku Honjo a Japan ya gano wani mai suna PD-1, kuma su biyun suka raba kyautar Nobel ta 2018. Daga aikinsu aka samu magungunan da ake sa wa ta ƙarin ruwa don su saki birkin: ipilimumab a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. Ba su ne ke kashe ciwon da kansu ba kamar yadda shimiyo, maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin ciwon daji kai tsaye, ke yi. Garkuwar mutum suke kwance wa ɗauri ta yi aikin.

Wanda maganin ya karɓa, abin sai wanda ya gani. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka wanda cibiyarsa ta taimaka wajen kawar da kurkunu a ƙasarmu, yana da shekara 90 a 2015 aka same shi da kansar fata mai suna melanoma, ta riga ta kai hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa aiki, aka yi masa gashi da na'ura, aka sa masa pembrolizumab. Ya rayu har Disamban 2024, ya cika shekara 100. Amma ba kowa ke samun haka ba. Ko a melanoma, inda maganin ya fi ci, kusan huɗu cikin goma ne ciwonsu ke ja da baya, a wasu nau'o'in kuma bai kai haka ba. Mutum biyu, ciwo iri ɗaya, magani iri ɗaya, ɗaya ya tashi ɗaya ya tafi. Likitoci sun daɗe suna neman dalili a cikin ƙarin kansa da kuma jinin majiyyaci. Ba wanda ya yi saurin kawo hanji a ransa.

Labarin da ya fi burge ni a duk wannan sha'anin na ɓeraye ne, kuma da gangan zan ɗan daɗe a kansa, domin ya nuna yadda lura da ƙaramin abu ke buɗe babbar ƙofa. A ɗakin gwajin Thomas Gajewski a Jami'ar Chicago, suna sayen ɓeraye daga kamfanoni biyu, Jackson da Taconic. Iri ɗaya ne, jininsu ɗaya. Sai suka lura in an dasa musu melanoma a ƙarƙashin fata, a jikin na Jackson ƙarin yana girma a hankali, a jikin na Taconic kuwa yana gudu. Wani mai bincike da sai ya ce kuskure ne ya canja kamfani ya huta. Su kuwa sai suka haɗa ɓerayen a keji ɗaya na ɗan lokaci kafin su dasa ciwon. Bambancin ya ɓace, na Taconic suka samu kariyar da na Jackson ke da ita. Me ke wucewa daga ɓera zuwa ɓera a keji? Ɓera yana cin kashin ɗan'uwansa. Don su tabbatar, suka ɗauki kashin na Jackson suka ɗura wa na Taconic ta baki, sai ƙarin ya rage gudu. Da suka bincika wace halitta ce ta bambanta su, suka tarar da Bifidobacterium, dangin bakteriyar da ke cika hanjin jaririn da ke shan nonon uwa. Ba da ita kaɗai ya rage girman ƙarin kusan daidai da yadda maganin sakin birki ya rage shi, da aka haɗa su biyu kuwa ƙarin ya kusa tsayawa gaba ɗaya. Abin da bakteriyar ke yi shi ne zaburar da wasu ƙwayoyin garkuwa waɗanda aikinsu ɗauko ɓurɓushin ciwo su nuna wa ƙwayoyin T, don su san abin da za su nema. An buga wannan a mujallar Science a ƙarshen 2015. A fitowa ɗaya da shi, ƙungiyar Laurence Zitvogel ta cibiyar Gustave Roussy da ke bakin birnin Paris ta nuna cewa maganin CTLA-4 ba ya aiki a ɓeran da aka share wa hanji da antibiyotik, amma in an mayar masa da wasu nau'o'in Bacteroides sai ya koma ci.

Ɓera dai ba mutum ba ne, kowa ya san haka. Shi ya sa aka juya kan majiyyata. A farkon 2018 ƙungiyar ta Paris ta fitar da bayanin mutum 249 masu kansar huhu, ƙoda da mafitsara da aka sa wa maganin PD-1. Mutum 69 daga cikinsu sun sha antibiyotik cikin wata biyu kafin a fara, ko cikin watan farko bayan an fara, saboda ciwon haƙori ko na fitsari ko na ƙirji. Matsakaicin tsawon rayuwarsu ya tsaya a wata 11.5, na waɗanda ba su sha ba kuwa wata 20.6. A bayan gidan waɗanda maganin ya karɓa an fi samun wata bakteriya, Akkermansia muciniphila, wadda yauƙin bangon hanji ne abincinta. A 2019 wani binciken daga Landan a kan mutum 196 ya fito da tazarar da ta fi wannan tayar da hankali: waɗanda suka sha antibiyotik cikin kwana 30 kafin farawa, wata 2, sauran kuwa wata 26.

Mai hankali zai ce, ai wanda aka rubuta wa antibiyotik dama shi ne jikinsa ya fi rauni, don haka ba mamaki ya riga mutuwa. Wannan magana ce mai nauyi, kuma lallai tana da kaso a cikin waɗannan alƙaluman. Abin da ya hana ni tsayawa a kanta shi ne gwajin da suka ƙara yi. Sun ɗauki bayan gidan majiyyatan da maganin ya karɓa suka sa wa ɓerayen da ba su da bakteriya, suka ɗauki na waɗanda bai karɓa ba suka sa wa wasu. Ɓerayen suka bi sawun masu bayan gidan: na farko magani ya ci, na biyu ya ƙi. Da aka ba na biyun Akkermansia ta baki, sai ya fara ci. Ƙungiyar Jennifer Wargo a asibitin MD Anderson na Houston, da ta bibiyi masu melanoma 112, ita ma ta yi irin wannan gwajin ta samu irin wannan sakamakon. A wurinsu, waɗanda hanjinsu ya fi tara nau'o'in bakteriya iri-iri su ne maganin ya fi yi wa aiki.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na ce antibiyotik guba ne. Ni da nake miƙa shi da hannuna na ga yaran da ya ceto daga ciwon huhu. A nan ƙasarmu, a jihar Dosso, aka yi wani ɓangare na babban gwajin MORDOR, inda raba azitromisin ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kusan kashi 18 cikin ɗari, kamar yadda aka buga a 2018. Mai shan shimiyo kuma in zazzaɓi ya kama shi, wannan gaggawa ce, a kai shi asibiti a daren, kuma antibiyotik ne zai tsaya tsakaninsa da kabari. Faɗana da wanda ake sha ba dalili ne: na mura, wadda bairos ke kawowa kuma antibiyotik ba ya taɓa shi, na wankin ciki, na "bari in sha kafin ciwon ya zo", da metronidazol ɗin da wasu ke haɗiya duk lokacin da cikinsu ya yi ƙugi. Metronidazol kuwa bakteriyar da ba ta son iska yake kashewa, kuma mafi yawan mazauna babban hanji irinsu ne.

Na san abin da wasu za su ce: Hajiya, wannan maganin sakin birkin ina muka gan shi? Gaskiya ne, ya yi mana nisa. A Amurka kuɗin sawa ɗaya na pembrolizumab ya haura dalarsu 10,000, wato sama da miliyan biyar na sefa, kuma duk mako uku ake maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna tun 2019 saboda melanoma, amma shiga jeri daban, isowa Damagaram daban. Sai dai maganar hanji ba ta tsaya a kan wannan maganin mai tsada ba. Tun 2013 ƙungiyar Zitvogel ta nuna haka a kan siklofosfamid, tsohon maganin shimiyo mai araha wanda ake sa wa mata masu kansar mama a ko'ina cikin Afirka. A jikin ɓera, maganin yana ɗan sassauta bangon hanji, wasu bakteriya su tsallaka zuwa kaluluwa da saifa, su tayar da sojojin da ke taya maganin yaƙi. Ɓerayen da aka riga aka ba antibiyotik mai kashe waɗannan bakteriyar, shimiyon bai yi musu aiki sosai ba. A shekarar dai, masu bincike na cibiyar kansa ta gwamnatin Amurka sun ga makamancin haka a kan wasu magungunan shimiyo da ake kira platin. A ɓera aka gani, amma ya ishi duk mai shirin fara shimiyo ya gaya wa likitansa kowane kafso da ya sha a watannin baya, har wanda ya saya a tire yake jin kunyar faɗa.

Yanzu ga ɓangaren da na san zai sa wasu su yamutsa fuska. Tunda bayan gidan wani na iya canja yadda magani ke ci a jikin ɓera, sai likitoci suka ce bari a gwada a mutum. Ana karɓar bayan gida daga wanda aka tantance lafiyarsa, a tace shi a ɗakin gwaji, a sa wa majiyyaci ta na'urar duba hanji ko a cikin kafso. Duk matar da ta taɓa kwana da madara ta san hikimar: ɗan nonon jiya ake zubawa a sabuwar madara, da safe a tarar ta kama. Dabarar ba sabuwa ba ce, an riga an san tana warkar da wani mugun gudawa da bakteriyar Clostridium difficile ke kawowa bayan yawan shan antibiyotik. A kan ciwon daji kuwa, a 2021 aka buga gwaji biyu a kan masu melanoma waɗanda maganin PD-1 ya riga ya ƙi karɓarsu, wato mutanen da zaɓinsu ya kusa ƙarewa. Aka ba su daga bayan gidan majiyyatan da maganin ya karɓa, aka sake sa musu maganin da ya ƙi ci a da. A asibitin Sheba na Isra'ila, uku cikin goma ciwonsu ya ja da baya, ɗaya ma ya ɓace gaba ɗaya. A Pittsburgh, shida cikin goma sha biyar suka amfana. A 2023 a Kanada aka ba mutum 20 kafson da aka haɗa daga masu lafiya kafin a fara musu magani, 13 ciwonsu ya ja da baya. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma ba a ware wasu da ba a ba su ba don a gwada, saboda haka har yanzu gwaji ne. Amma mutum ya ga maganin da ya ƙi shi jiya ya karɓe shi yau, ba abin da aka canja sai mazauna hanjinsa, ni wannan yana sa ni tasbihi.

Bayan gida najasa ne, kuma hukuncin yin magani da shi a halin larura na malamai ne, ba nawa ba. Abin da ke nawa shi ne gargaɗi: wannan ba abin gwadawa a gida ba ne ko kusa. A 2019 wani majiyyaci a Amurka ya rasu bayan an ba shi irin wannan kafson, saboda akwai E. coli mai jure magani a ciki da ba a tantance ba. A babban asibiti ke nan, da dukan kayan aikinsu.

Abin da ya fi kusa da hannunmu abinci ne. A ƙarshen 2021 ƙungiyar Wargo ta tambayi masu melanoma 128 da ke kan maganin sakin birki abin da suke ci. Abin da suke nema shi ne zaren abinci, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, wanda ke cikin dusar hatsi, ɓawon wake, ganye da ƴaƴan itace. Mutum 37 kawai ke samun gram 20 a rana. Su ne ciwonsu ya fi daɗewa bai ci gaba ba, kuma duk ƙarin gram 5 a rana ya zo da raguwar haɗarin ci gaban ciwon ko mutuwa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Da aka ba ɓeraye abincin da ba shi da zare, maganin ya rage ci a jikinsu. Dalilin a fili yake: zaren nan shi ne abincin bakteriyar babban hanji. In sun ci, suna fitar da wasu ƙananan sinadarai, musamman butiret, wanda ƙwayoyin bangon hanji ke rayuwa a kansa, kuma yake shafar yadda ƙwayoyin T ke aiki. A 2020 masu bincike a Calgary sun gano wani sinadarin daban, inosin, wanda wata Bifidobacterium ke fitarwa ya shiga jini ya zaburar da ƙwayoyin T kai tsaye.

Gram 20 a rana. Da na karanta wannan adadin sai na tuna kwanon kakata a ƙauye wajen Mirya: fura da safe, tuwon gero da miyar kuka ko ta kuɓewa da dare, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuliƙuli, wake da ɓawonsa, yara kuma suna ta gwaguyar goriba da magarya a hanya. Kofi ɗaya na dafaffen wake kaɗai ya kai gram 10. Abin da aka sha wahala a samu mutum 37 suna yi a Houston, tsohuwar nan ta yi shi duk tsawon rayuwarta ba tare da ta san sunansa ba. Kuma an auna irin wannan. A 2010 masu bincike daga Italiya suka kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Florence. Abincin yaran Boulpon namu ne sak: gero, dawa, wake, ganye. Hanjinsu ya fi tara nau'o'in bakteriya, cike da Prevotella mai narkar da zare wadda ba a samu a yaran Italiya ba, waɗancan sinadaran masu amfani sun fi yawa a bayan gidansu, dangin Shigella da Escherichia masu kawo gudawa kuma sun fi ƙaranci. Da suka koma a 2017 suka haɗa da yaran garin Nanoro da na Wagadugu, sai suka ga yadda ake matsowa birni haka hanjin ke komawa irin na Turawa.

Wannan ne ke damuna in na dubi abin da ƴaƴanmu ke ci a Zango da Sabon Gari yau. Burodi da shayi da safe, farar shinkafa ko taliya da mai da rana, lemon kwalba in an samu kuɗi. Geron ma a surfe shi fes, a ba tumaki dusar. Ban manta da tsadar rayuwa ba, na san shinkafa ta fi saurin dahuwa ga matar da ke fita aiki, kuma na san gawayi kuɗi ne. Amma akwai gidajen da ba rashi ya raba su da tuwon gero ba, ganin abincin ƙauye ne. Canjin kuwa ba ya ɗaukar lokaci. A 2015 Stephen O'Keefe ya sa baƙaƙen Amurka 20 na Pittsburgh suka yi musayar abinci da mutum 20 na karkarar KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu. Cikin mako biyu kacal butiret ya ƙaru a hanjin Amurkawan, alamun haɗarin kansar hanji suka ragu, na ƴan Afirkan kuwa suka juya ta ɗaya hanyar.

Ina tsoron abu ɗaya game da wannan rubutun, shi ne ya faɗa hannun masu lasifika a kasuwa ranar Alhamis. Gobe wani ya ɗaga gora ya ce ga maganin gyaran hanji mai kashe ciwon daji, Turawa ma sun tabbatar. Ba su tabbatar da komai irin wannan ba. Fura ba ta warkar da ciwon daji, zogale ba ya narkar da ƙari. Duk binciken da na kawo a kan taimaka wa maganin asibiti ya ci ne, ba maye gurbinsa ba. Hatta kafson bakteriya masu amfani da ake sayarwa a farmasi da sunan probiyotik, binciken nan na 2021 bai ga amfaninsu ba. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu cin zare da yawa da ba sa shan probiyotik, kuma a ɓeraye probiyotik ɗin ma rage wa maganin ƙarfi ya yi. Ga shi kuma kowace ƙungiya da bakteriyar da ta gano: Paris ta ce Akkermansia, Houston ta ce dangin Faecalibacterium, Chicago ta ce Bifidobacterium. Wani babban bincike na 2022 da ya haɗa majiyyata daga ƙasashen Turai da dama ya tabbatar akwai alaƙa, amma babu wata halitta ɗaya da ta fito a ko'ina. Don haka duk wanda ya ce ya san ƙwayar da zai sayar maka, kuɗinka yake so.

Maƙwabciyar nan tamu ta daɗe tana jin ƙullutu a mamanta, tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ga kafson tire da take sha don ciwon ya fara ruwa. Ranar da ta nuna mini, na ce, "Yaya, don girman Allah gobe mu je asibiti, wannan ya wuce kafso." Ta ce, "Ƙanwata, tsoron yanka nake." Kansar mama da ta bakin mahaifa su ne suka fi kama mata a ƙasar nan, kuma abin da ke ceton rai shi ne zuwa da wuri, a yi aiki, a yi shimiyo, a yi gashi in da bukata. Tun 2021 akwai na'urar gashin a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Kusan kilomita 900 ne daga nan, tafiya ce mai cin jiki da aljihu, amma a da sai an bar ƙasar. Maƙwabciyar tamu ta je, an yi mata aikin, tana nan tana jinya a gida, Allah ya ba ta lafiya.

Saura abu ɗaya da ke ci mini rai. Duk gwaje-gwajen nan a kan majiyyata an yi su ne a Amurka, Turai, Kanada da Isra'ila, a kan mutanen da abincinsu ba namu ba ne. Wani lissafi da aka buga a 2022 ya nuna kashi 71 cikin ɗari na samfuran bakteriyar jikin ɗan Adam da aka ajiye don bincike daga Turai, Amurka da Kanada suka fito, kusan rabi ma daga Amurka kaɗai. Ranar da maganin sakin birki zai yi arahar da zai iso gare mu, shawarar da za ta biyo shi, ta wace bakteriya ce mai kyau da wadda ba ta da kyau, daga hanjin wasu za a ɗauko ta. Mu kuwa namu cike yake da Prevotella, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tsutsar ciki, ga antibiyotik na tire, kowanne yana taɓa garkuwar jiki ta hanyarsa. Hatta melanomar da ta fi kama baƙar fata a tafin ƙafa take fitowa, ba inda rana ke duka ba.

Muna da Jami'ar André Salifou a garin nan, muna da babban asibitin ƙasa, muna da ɗalibai da ke neman batun kundin kammala karatu kowace shekara. Ina so in ga an kwatanta hanjin manomin Magarya mai shan fura, da na makiyayin Tanut mai rayuwa a kan nono, da na ɗan boko a Damagaram mai burodi da taliya. Ina so in ga ana tambayar kowace mace da za a fara wa siklofosfamid wane antibiyotik ta sha da abin da take ci, a rubuta a ajiye, bayan shekaru a duba. Wannan na biyun takarda da biro kawai yake bukata. Na farkon ma akwai kwalaben ɗaukar samfur masu ruwan da ke riƙe shi kwanaki ba tare da firji ba, saboda haka ɗaukewar wuta ba za ta hana a ɗauko shi daga Tanut a kai ɗakin gwaji a Yamai ba.